Kafin damina ta cinye zauren kakanninmu

Bara da na je gida hutun babbar Sallah, na tarar babu zauren kakanmu. Shaguna uku na bulo ne a wurin, ɗaya na cajin waya, biyu a rufe. Ƴata mai shekara bakwai ta tambaye ni ina ɗakin nan mai sanyi da ake yi musu tatsuniya, na rasa amsar ba ta. Da na tambayi kawuna sai ya ce, "Ai ya tsufa, ƴar nan, kada ya faɗo wa yara." Ban yi masa musu ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha karɓar yaran da bango ya danne a watan Agusta, kuma ba abin da uwa za ta so gani ba ne.

Amma a raina na san ba tsufa ne ya kashe zauren ba. Shekara nawa aka yi ba a yi masa yaɓe ba? Indararonsa ya karye tun ina makarantar jinya, ruwa yana bin bango yana sauka, kowa yana wucewa.

Akwai wani ƙaramin gari a Jihar Bauchi, Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. A can akwai Gidan Madaki, ginin ƙasa da aka yi wajen 1860, aikin Muhammadu Durugu wanda ake kira Babban Gwani. A 1956, tun kafin samun ƴancin kai, aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Ƙasa ce da azara, irin wadda aka gina zauren kakanmu da ita. Babban Gwanin nan shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. To a ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufto ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Don haka tsoron kawuna gaskiya ne. Sai dai ginin da ya yi kusan shekara 190 a tsaye ya isa ya nuna cewa ƙasa ba ta da laifi idan ana kula da ita.

Magina na da sun san aikinsu. Tubali ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa. Rufi kuma azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Inda ake son ɗaki mai faɗi sai a yi bakan gizo ko ɗaurin guga, a ƙawata sama da zankwaye. Kaurin bango shi ke riƙe sanyin dare ya sake shi da rana. Wadda ta taɓa jego a watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano, jariri duk ƙurajen zafi yana ta kuka, ta san abin da nake nufi.

Sirrin duka yana wajen kare ginin daga ruwa, kuma a nan mata suke da hannu. Makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, da ita ake shafe bango da daɓe don ruwa ya zame. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina a shafe rufin soro. Kakata takan tara matan unguwa ranar daɓe, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sulɓi, a ci tuwo a watse. Yau a unguwarmu da ƙyar a sami mace biyu da suka san yadda ake jiƙa makuba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne filastar siminti. Mutum ya samu ɗan kuɗi, sai ya ce zai "gyara" gidan gado, a lulluɓe bangon ƙasa da siminti a shafa fenti. Ido ya ga kyau. Amma ƙasa da siminti ba sa kama juna. Da zarar siminti ya tsage ruwa ya shiga, ba shi da hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa daga ciki ba wanda ya sani. Kamar ciwon da aka ɗaure da bandeji ba a wanke ba: waje fes, ciki ruɓa. Yaɓen ƙasa kuwa duk inda ya zaizaye a fili yake, a gyara shi cikin yini ɗaya.

Ƴar'uwa, idan gidanku ko na mijinki yana da tsohon soro, tun cikin bazara ya kamata a duba shi. A hau a share rufi, a cire ciyawa, a tabbatar indararo yana zubar da ruwa nesa da bango. A duba gindin gini, don nan ruwan kwata da tsallen ruwan sama suke fara ci. Idan kika ga tsaga tana ƙara faɗi, ko azara ta lanƙwasa, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, ki kwashe yara daga ɗakin a daren nan, kada ki jira safiya. Sannan a nemo magini na gargajiya. In ba a san inda yake ba, a tambaya a gidan hakimi ko wajen Sarkin Magina.

Saura shigifa ɗaya ta rage a gidanmu, wadda kakata ta haifi mahaifiyata a ciki. Mun yi magana da ƴan'uwana mata, kowa za ta riƙa ajiye wani abu daga adashi, an kuma samo wani dattijon magini daga ƙauyen kusa da ya ce zai zo bayan girbi. Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na ce wa ƴata ranar yaɓen da ita za mu je, ita ce mai ɗebo ruwa.

A garinku fa, wane tsohon gini ne ya rage, kuma wa ke kula da shi? Ku faɗa mana a ƙasa.