Kasuwar Furanni ta Aalsmeer

Aalsmeer ƙaramin gari ne a ƙasar Holan, kudu maso yammacin Amsterdam, dab da filin jirgin sama na Schiphol. A nan ne kasuwar furanni mafi girma a duniya take ci. Gaba ɗayanta a ƙarƙashin rufi ɗaya take, a wani gini da shimfiɗarsa ta haura murabba'in mita 500,000, har ma'aikata sukan hau keke in za su je wani sashe. Miliyoyin furanni ne ke shiga su fita a kowace ranar kasuwa, daga Litinin zuwa Juma'a.

Manoma ne suka kafa ta, kuma har yau tasu ce. A 1911 da 1912 masu noman fure na garin suka buɗe wuraren gwanjo biyu, don su daina sayarwa a kan duk abin da 'yan sari suka yanka musu. Biyun sun haɗe a 1968, suka koma ginin da ake ciki yanzu a 1972. A 2008 kuma aka haɗa ta da wata babbar ƙungiyar gwanjo, abin da ya haifar da ƙungiyar gama-kai da ake kira Royal FloraHolland.

Fure ba ya jira. Daga lokacin da aka yanke shi darajarsa ke zubewa, kuma a kan wannan aka gina tsarin kasuwar kaf. Kaya na isowa da yamma da cikin dare, a bokitan ruwa da kwalaye, a jera su a amalanken ƙarfe masu hawa-hawa, a tura su ɗakin sanyi. Ana duba tsawon kara, da yadda kan furen ya buɗe, da ko akwai tabo ko ƙwaro, sannan a ba kowane kaya matsayinsa, A1 ne kan gaba. Ƙarfe shida na safe ake soma ciniki.

Abin da ya fi jan hankali shi ne agogon gwanjo. A gwanjon da aka saba gani a ƙasar Hausa, wani ya taya, wani ya ƙara, farashi na hawa har mai kaya ya sallama. A Aalsmeer daga sama ake farawa. Agogo na nuna farashi mai tsada, sai ya yi ta gangarowa da sauri, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Zai faɗi bokiti nawa yake so, ragowar a sake ɗora ta a kan agogo. Mai gaggawa ya sayi tsada, mai jan ƙafa ya tashi hannu rabbana. Babu albarka, babu ragi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan an gama. A kan kara ɗaya-ɗaya ake lissafi, kuma sau da yawa kara bai kai yuro guda ba; yawan kayan ne ke tara kuɗin. Abin da ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin farashi bai samu mai saye ba, lalata shi ake yi. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe shaguna da bukukuwa, tuli-tulin furanni aka zubar.

A da masu saye kan zauna a manyan zauruka, amalanke na wucewa a gabansu. Yanzu galibi ta kwamfuta suke saye, hoton furen kawai suke gani. Ciniki mai yawa ma kai tsaye ake ƙulla shi tsakanin manomi da babban ɗan kasuwa, sai dai farashin agogo na nan a matsayin ma'aunin da kowa ke dubawa.

Launi kuwa shi ne rabin sana'ar. Wardi iri ɗaya, tsawo ɗaya, ja na iya ninka fari a kuɗi ana gab da 14 ga Fabrairu, ranar masoya. Lokacin Ista rawaya ke tashe. Fari na masu biki ne da masu makoki. Ruwan lemo na samun kasuwa wajen 27 ga Afrilu, ranar Sarkin Holan, domin shi ne launin gidan sarautar. Saboda haka manomi kan yi lissafin launin da zai shuka watanni kafin ranar, in ya kuskure mako ɗaya ya yi asara.

A cikin ginin da kewayensa akwai kamfanonin da aikinsu ɗaure furanni dami-dami don manyan kantuna, kuma haɗin launi ba da ka suke yin sa ba. Wani damin na launuka masu maƙwabtaka ne, kamar ja da ruwan lemo da rawaya, ko ruwan hoda da shunayya, masu kwanciya a ido. Wani kuma na kishiyoyi ne, rawaya da shunayya, ko ruwan lemo da shuɗi, inda kowane ke fito da ɗan'uwansa. Fari da koren ganye su ne masu raba faɗa, ana sa su tsakanin launuka masu ƙarfi don kada su cushe. Shuɗi na gaske yana da wuyar samu a furanni. Shuɗin wardin da ake gani a shaguna fari ne aka tsoma karansa a ruwan rini ya zuƙa.

Kafin azahar an raba kaya, manyan motoci masu sanyi sun kama hanyar Jamus da Birtaniya da Faransa, waɗanda su ne manyan masu saye. Tulif, furen da ya zama tambarin Holan, asalinsa ta Daular Usmaniyya ya shigo Turai a ƙarni na 16. Mafi yawan wardin kasuwar ma baƙo ne, daga Afirka yake zuwa, musamman gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya da na Habasha, inda tsaunuka ke ba da sanyin dare da rana mai ƙarfi duk shekara. Jirgin sama ke kwaso shi daga Nairobi da Addis Ababa. Tsadar jirgi ta sa wasu manoman Kenya sun soma turo nasu ta teku daga Mombasa, a kwantena mai sanyi, tafiyar da ke cin makonni.