Bashin Kaduna: Wa Ya Ci, Wa Zai Biya?

A ƙarshen watan Maris na 2024, Gwamna Uba Sani ya tsaya gaban taron jama'a a Kaduna ya faɗi abin da gwamnoni ba su cika faɗa ba game da wanda suka gada, balle in jam'iyyarsu ɗaya. Ya ce ya tarar da bashin dala miliyan 587, da naira biliyan 85, da nauyin kwangiloli 115. Ya ce cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan watan, an zare biliyan 7 don biyan bashi, saura biliyan 3, alhali albashin ma'aikata kaɗai biliyan 5.2 ne. A watan Yuni kwamitin Majalisar Dokokin jihar ya miƙa rahoto yana zargin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai da karkatar da naira biliyan 423. El-Rufai ya musanta, ya ce bita-da-ƙullin siyasa ne, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya.

Tun daga nan teburan mai shayi daga Kawo zuwa Tudun Wada suka rabu biyu, kowa da gwaninsa. Ko an ci ko ba a ci ba, wannan aikin alƙali ne, kuma zargi ba hukunci ba ne. Abin da ya fi dacewa mai karatu ya gane shi ne yadda jiha ke shiga irin wannan ƙangi ko da babu wanda ya ɗauki kwabo, domin shi ne zai iya maimaituwa a hannun kowane gwamna.

Jiha ba ta da ikon ciwo bashin waje ita kaɗai. Gwamnatin Tarayya ce ke tsaya mata, Majalisar Tarayya ta amince, sannan duk wata a cire kuɗin biyan daga kason jihar tun a Abuja, kafin ya iso Kaduna. Gwamna ba shi da damar cewa a ɗaga masa ƙafa wannan watan don ya biya malaman makaranta. Babbar matsalar kuma ita ce bashin da dala ake lissafa shi, jihar kuwa naira take samu. A 2018 dala ɗaya a farashin gwamnati kusan naira 305 ce. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, kafin shekara ta zagayo dala ta kai wajen naira 1,500. A tsohon farashi dala miliyan 587 ba ta kai naira biliyan 180 ba. A sabon farashi ta doshi biliyan 880. Ba a ƙaro ko dala ɗaya ba, amma nauyin ya ninka kusan sau biyar a wuyan mai biyan haraji.

Ba a ce ba a yi gargaɗi ba. A watan Maris na 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen dala miliyan 350 da Kaduna ta nema daga Bankin Duniya. Sanatocin jihar uku, Shehu Sani da Suleiman Hunkuyi da Danjuma La'ah, duk sun ce kada a ba da. Shehu Sani ne ma ke shugabantar kwamitin basussuka a lokacin. Gwamna El-Rufai ya yi musu kaca-kaca a bainar jama'a, aka kira su maƙiyan ci gaban jiha. Akwai gabar siyasa a tsakaninsu, ba a musun wannan, amma gaba ba ta mayar da lissafi ƙarya. Bayan zaɓen 2019 Uba Sani ya gaji kujerar Shehu Sani, sabuwar majalisa kuma ta amince da rancen. Wato wanda ya koka da nauyin bashin a 2024 yana zauren lokacin da aka buɗe masa ƙofa.

A yi adalci, kuɗin sun bar alama. Duk wanda ya san cunkoson tsohuwar gadar Kawo ya san an samu sauƙi da sabuwar da Shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairun 2022. Ga hanyar ƙarƙashin ƙasa ta shataletalen Leventis, ga Dandalin Murtala da aka sabunta. Kuɗin shiga na jihar sun tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Rancen Bankin Duniya kuma ruwansa kaɗan ne, wa'adinsa mai tsawo. Sai dai gada ba ta haifar dala. Idan za a ci bashin kuɗin waje, kamata ya yi ya tafi wurin da zai dawo da kuɗi, ko ya rage abin da ake kashewa. Kwalta tana fara tsufa tun ranar da aka yanke ƙyalle, bashinta kuwa yana nan har yaran da ke firamare yau su fara biyan haraji, ba tare da an taɓa tambayar su ba.

Inda na fi ganin laifi shi ne Lugard Hall, zauren majalisar jiha. Babu gwamnan da ke kashe kuɗi ko cin bashi bisa ƙa'ida sai da hannun majalisar jiha. Shekara takwas ana kai kasafi ana amincewa, rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha kuma gaban majalisar ake kai shi. Idan har an yi ɓarnar da kwamitin ya ambata, ina majalisar take lokacin da ake yi? Binciken da ba ya tashi sai manya sun ɓata, ba sa-ido ba ne, ramuwar gayya ce. Wannan zauren dai shi ne ya hana Alhaji Balarabe Musa naɗa kwamishinoni, ya kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Wancan wuce gona da iri ne na 'yan NPN a kan gwamnan PRP, amma ya nuna irin ƙarfin da tsarin mulki ya ba 'yan majalisa. Daga majalisar da ta hana gwamna motsi zuwa majalisar 'yan amshin shata, ba mu taɓa zama a tsakiya ba.

Tushen abin yana wurin zaɓe. A 2022 fom ɗin neman takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne, tun kafin a sallami daliget, a buga fasta, a ɗauki nauyin wakilan rumfuna. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar gwamna naira biliyan 1, amma wa ke ƙirgawa? Wanda ya zuba wa ɗan takara irin waɗannan kuɗi ba sadaka ya yi ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, askin nan kuwa da kwangila ake yin sa, a ƙara mata farashi, ko a biya kuɗin somin-taɓi a bar aikin a kwance. Shi ya sa 'yan siyasa suka fi son manyan gine-gine a kan gyaran famfo da sayen magani: babbar kwangila ta fi wurin ɓuya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa karɓar gaisuwa da ɗora wa talakawa harajin zalunci cikin aibobin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ. Sunayen ne kawai suka canza.

Mu ma masu zaɓe da namu kason. A ce an ba mutum naira 5,000 da ƙullin taliya ranar zaɓe. In aka raba kuɗin a kan shekara huɗu, bai kai naira 4 a rana ba. A zaɓen gwamna na 2023 Uba Sani ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196, tazarar ba ta kai 11,000 ba, a jihar da masu rajista suka haura miliyan 4. Mafi yawansu ba su fito ba. 'Yan unguwanni kaɗan a Kaduna ta Arewa sun isa su juya irin wannan sakamako.

Don haka duk wanda ya zo neman ƙuri'arka, musamman mai neman kujerar majalisar jiha da ba a cika kula da shi ba, ka bar shi ya gama lissafa titunan da zai kawo, sannan ka tambaye shi da wane kuɗi, bashi ne ko haraji, in bashi ne da naira ko da dala, kuma nawa za a riƙa cirewa duk wata. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa yana wallafa abin da ake bin kowace jiha, kasafin Kaduna ma ana sa shi a intanet. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, limamai da matasan unguwa su samu mai karanta musu waɗannan takardu tun kafin lokacin kamfe, su kuma kira ɗan majalisarsu ya zo ya yi bayanin kowane rance kafin ya ɗaga masa hannu.