Lokaci Mai Zuwa a Turanci

'Yan'uwana ɗalibai na Karaye da Rogo, ina so in jawo hankalinku kan yadda ake ƙulla lokaci mai zuwa a Turanci, domin nan ne da yawanmu kan zubar da maki a jarrabawar WAEC.

A ganina bai kamata Bahaushe ya sha wuya a nan ba, don kuwa hanyar harsunan biyu kusan ɗaya ce. Mukan ce "zan tafi", "za ta tafi". Aikatau bai sake kama ba, "za" ce ta ɗauki nauyin lokaci. To, haka Bature yake sa "will" kafin aikatau, ya bar shi yadda yake: "She will go." Ba a cewa "She will goes." Littattafan dā sun keɓe wa "I" da "we" kalmar "shall", amma yau an fi jin ta wajen tambaya: "Shall we go?"

Hanya ta biyu ita ce "going to", don niyyar da aka riga aka ƙulla, ko abin da alamarsa ta bayyana. In hadari ya haɗo, sai a ce "It is going to rain."

Ta uku, aikin da za a tarar ana cikin yinsa: "At eight tomorrow we will be writing."

Ta huɗu, abin da zai kammala kafin wani lokaci. An gama madatsar ruwan Challawa ta ƙasar Karaye a 1992, saboda haka muna iya cewa "By 2032 the dam will have stood for forty years."

Amma ga inda tarko yake. Mu mukan ce "Idan ruwa ya sauka za mu shuka gero." Ɗalibi ya ga "ya sauka", sai ya rubuta "If it rained". Wani kuma ya tuna maganar gobe ake yi, ya rubuta "If it will rain". Duk biyun sun kauce. In ana maganar gaba, bayan "if" da "when" lokacin yanzu ake sawa: "If it rains, we will sow millet."

Shawarata ita ce kowa ya riƙa rubuta jimla biyar kullum kan abin da zai yi gobe, ya kai wa malami ya duba. Da koyo akan iya. Allah ya ba mu sa'a, amin.