Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba Tukuna

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da jarrabawa a takarda, sai a kwamfuta. Saboda haka 'yan Arewa mazauna Ikko da yawa sukan shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja su sayi ta hannu, su aika gida, don yara a garuruwa irin su Mamudo, kusa da Potiskum, su saba da ita kafin ranar jarrabawa.

To, ga wata magana da ta kamata mai saye ya sani. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017. Wannan bai sa su zama tarkace ba, domin ana iya ɗora musu Linux, wanda kyauta ne.

Abin tambaya shi ne, yaya manhaja ɗaya za ta yi aiki a nan da can? Windows da Mac da Linux kowannensu yana da hanyarsa dabam ta buɗe taga a allo, da zana hoto, da jin maɓallin da aka danna. Maganin da masana suka samo ya yi kama da aikin tafinta a kasuwar shanu ta Potiskum. Mai rubuta manhaja zai ce a buɗe taga sau ɗaya, sai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke tsakani ta fassara wa kowace na'ura da harshenta.

Ɗaya daga cikin shahararrun irinsu ita ce SDL, wadda wani Ba'amurke, Sam Lantinga, ya fitar a 1998, aka sabunta ta a Janairun 2025. Akwai kuma FLTK, wadda aka gina ta don kada ta yi wa na'ura nauyi. Duka kyauta ne, kowa yana iya duba yadda aka rubuta su.

Watau matashin da ya koyi wannan sana'a zai iya rubuta manhajar gwajin jarrabawa guda ɗaya, ta yi aiki a tsohuwar na'ura da sabuwa. Kafin a jefar da ta gida, a fara kai ta wurin mai gyara ya duba.