Lambar zafin waje a dashbod: me ya tabbata, me ya zama zancen gareji?

Da zarar watan Afrilu ya kama, sai ka ga ana ta yaɗa hoton dashbod ɗin mota yana nuna 50 ko fiye. Wasu su ce zafin garin ne ya kai haka, wasu su ce ai na'urar motar ce ta lalace. Galibi duka biyun ba su faɗi daidai ba. Sensar da ke auna zafin waje 'yar ƙarama ce, ba ta kai ɗan yatsa ba. A yawancin motocin Toyota da Honda tana bayan bamba, gaban lagireto, kusa da ƙasa. Motar da ta tsaya a rana tana shan turirin kwalta daga ƙasa da hucin inji daga baya, kuma abin da sensar ta ji shi take faɗa. Masu hasashen yanayi kuwa a inuwa suke awo, cikin akwati mai shan iska, sama da mita ɗaya daga ƙasa. Lambar dashbod ba ta kusantar tasu sai an yi tafiyar wasu mintoci a buɗaɗɗiyar hanya.

Kafin a je ko'ina ma, a duba harafin da ke gefen lambar. Motar da aka shigo da ita daga Amurka takan zo da ma'aunin Faranhait, inda 104 yake daidai da 40 a ma'aunin Salshiyos da muka saba. Wanda ya ga 104 da F a gefe, lafiyar motarsa ƙalau.

Zancen da ya fi cin kuɗin mutane shi ne wanda ya shafi esi. Ana cewa wannan sensa ba ruwanta da sanyin mota, lamba kawai take nunawa. A tsofaffin motoci masu esi na murɗawa da hannu, sau da yawa haka ne. Amma a motar da esinta ke daidaita kansa, ƙwaƙwalwar motar tana dogara da ita wajen yanke yawan sanyin da za ta bayar, kuma motoci da dama suna hana kwamfiresa tashi idan suka ga zafin waje ya kusa sifili, don kada ƙanƙara ta daskare a cikin na'urar. To idan wayar sensar ta tsinke, mota takan ɗauka ana sanyi mafi tsanani, dashbod ya nuna 40 ƙasa da sifili ko ya bar layuka kawai, kwamfiresa kuma ya ƙi motsi alhali gas a cike yake. Nan ne ake ce wa mai mota gas ya ƙare, a ƙara masa, esi ya ƙi, sai a koma a ce kwamfiresa ne ya mutu. Wani mai wayarin kuma ya ce a ba kwamfiresan wuta kai tsaye kowa ya huta. Wannan shawara ta ƙarshe ita ta fi ɓata mini rai, domin tana tsallake duk abin da ke kare kwamfiresa idan matsin gas ya yi yawa ko ya yi ƙasa. An gudu daga gyaran waya biyu, an sayi mutuwar kayan da ya ninka sensar tsada sau da yawa.

Akwai masu ɗora wa sensar laifin tafasar inji. Wannan ruɗani ne tsakanin sensa uku. Wadda ke auna zafin ruwan inji daban take, a jikin inji ake ɗaura ta, kuma ita ce ke da hannu a tashin fanka da yawan man da ake fesawa. Wadda ke auna iskar da inji ke shaƙa ita ma daban. Ta waje ba ta sa mota tafasa.

Haka nan maganar cewa don ƙasashen sanyi aka yi ta, a cire a yar, irin abin da ake yi wa tamostat a garejinmu. Abin da ke gaskiya a ciki kaɗan ne: ita ce ke kunna alamar ƙanƙara idan zafi ya sauko wajen digiri 3 ko 4, kuma wannan gargaɗin Turai ya fi yi wa amfani. Amma cire ta daidai yake da tsinkewar waya, da duk abin da ke biyo baya.

Yadda ake gane mai laifi ba shi da wuya idan an san halin sensar. A cikinta akwai wani sinadari da ke rage tare wuta idan ya ji zafi, ya ƙara tarewa idan ya ji sanyi. Shi ya sa tsinkakkiyar waya ke nuna matsanancin sanyi, wayoyin da suka haɗe da juna kuma su nuna zafin da ba shi yiwuwa. Tsatsa a soket tana ƙara tarewa, sai lamba ta riƙa sauka ƙasa da gaskiya, abin da akan gani bayan damina ko yawan wankin inji da ruwa mai ƙarfi. Lambar da ke tsalle duk lokacin da aka faɗa rami kuwa tana nuna waya ce ta saki.

Gwaji mafi sauƙi da asuba ake yin sa, bayan mota ta kwana ba a tayar ba. A lokacin ruwan inji da iskar shaƙa da iskar waje duk sun zama ɗaya, don haka idan aka jona kwamfutar duba mota, ya kamata lambobin uku su kusanci juna da 'yan digiri. Wadda ta ware ita ce abar zargi. Kwamfutar takan kuma fitar da lambobin matsala daga P0070 zuwa P0073, sai dai a kula: waɗannan lambobi suna nuna layin gaba ɗaya ne, har da waya da soket, ba su ce sensar ta mutu ba. Sai a cire ta a auna da mita, a dumtse ta a hannu, sannan a ɗora ta kan ledar ruwan sanyi. Lafiyayya za ta sauya a hankali ba tsalle. Adadin da ya kamata a gani ya bambanta: ta wani kamfani kusan om dubu 2 ce a digiri 25, ta wani dubu 10. Saboda haka zancen cewa duk sensa ɗaya ce muddin soket ya shiga ba gaskiya ba ne, kuma a sayi mai lambar da ta dace da motar. A soket ɗin kuma, idan makulli na kunne, akan samu wuta wajen bolt 5 a waya ɗaya. Idan babu, sabuwar sensa ba za ta gyara komai ba.

Mai Peugeot 406 ko 307 kada ya wahalar da kansa a bayan bamba, tasa tana ƙarƙashin madubin gefe, shi ya sa sauya madubi bayan karo kan zo da wannan matsala. Sauran motoci kuma a tambaya ko an taɓa kwance bamba, don masu gyaran jiki sukan manta su mayar da soket, ko su bar sensar tana lilo a jikin lagireto mai zafi.

Bayan an sa sabuwa, lamba na iya ƙin hawa nan take, har a fara zargin jabu aka sayar. Motoci da yawa da gangan aka tsara su haka: lamba ba ta ƙaruwa sai mota ta yi gudu na ɗan lokaci, don kada hucin inji ya yaudare ta a cunkoso. A fita da ita titi a yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar kafin a koma wurin mai kaya.