Waƙar da Ta Je Ƙauye da Ƙafa

Yau hirarmu a kan Nana Asma'u ce, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Ɗegel a 1793, 'yar tagwaye, ta rasa mahaifiya tana ƙarama. Shekarunta ba su wuce goma sha ɗaya ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta tashi cikin ƙaura da yunwa da makoki, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sakkwato.

Da ƙurar yaƙi ta lafa, ga mata cike da ƙauyuka, da yawansu yaƙi ne ya kawo su, ba mai karantar da su. Matar aure kuwa ba za ta bar turmi da goyo ta tafi birni neman malami ba. To, sai Nana ta zuba karatun cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, don abin da baki ya rera ba ya bukatar allo. Ko jerin surorin Alƙur'ani sai da ta waƙe.

Ku dubi yadda ake naɗa jaji, jagorar da ke kai waƙoƙin nan ƙauye. Dattijuwa ce mai amana, Nana ta ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan rawani. Jaji ta kwaso tsofaffi da 'yan mata, su tako da ƙafa har Sakkwato, su haddace baitoci, su koma gida su biya wa matan da ke kulle. Su ne 'Yan Taru. Ni kam wannan malfa tana taɓa zuciyata.

A zamanin Nana dai, can Jamus, Fanny Mendelssohn tana tsara waƙoƙi ana buga wasunsu da sunan ƙanenta Felix. Sai a 1846 ta fitar da nata da sunanta, ta rasu a 1847. Nana ba ta ɓoye sunanta ba, kuma ba manya kaɗai ta yi wa marsiyya ba, har maƙwabciyarta Halima ta samu tata.

Allah ya yi wa Nana rasuwa a 1864. Ƙanwarta Maryam, wadda ta zauna a nan Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.