Tunawa Da Kaka Bakanike Na Bosso

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin wayar nan da ake bugowa da asuba, a ce masa sai haƙuri, tsoho ya cika. Kafin ya sami mota a Agege ko Sabo an riga an yi wa mamacin sutura, an kai shi makwancinsa. Shi dai sai ya iso sadakar uku.

A cikin dattawan da ake rasawa ta haka akwai wani iri da ya cancanci a tuna da shi, watau tsohon bakanike, wanda ya riƙe gareji da hannu ɗaya, ya riƙe jikoki da ɗayan. Ba sai an kama suna ba. Wanda ya san Bosso, garin Gwarin nan da Minna ta bunƙasa har ta haɗe da shi, ya san irinsa a bakin hanyar da ta nufi Zungeru da Tegina, zaune a kan benci gindin bishiya, tufafinsa duk baƙin mai.

An haife shi tun zamanin Turawa, sa'ad da Minna ba ta da abin taƙama sai reluwe, domin nan ne layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano cikin 1911, ya gamu da layin da ya taso daga Ikko. Yana yaro ubansa ya kama hannunsa ya danƙa wa wani maigida. Shekarunsa na fari bai taɓa inji ba, aikinsa miƙa sifana, da wanke notuna cikin fetur, da ɗebo ruwan lagireto. Ba albashi, sai ɗan abin cin tuwo. Sai da maigida ya tabbata ya iya kwance injin Bedford ya mayar ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba, sa'an nan ya yaye shi.

Ya kama cin gashin kansa daidai lokacin da mota ta fara yawa a ƙasar nan. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama. Cikin 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, a shekarar ce kuwa masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Ikko suka soma harhaɗa motoci. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama hedkwata, ma'aikata suka yi ta kwararowa da motocinsu. Daɗin daɗawa, cikin 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ta fara zama a Bosso. Tun daga 404 a-kori-kura har 504 ta manya, duk suna ƙarewa gindin bishiyarsa.

Gwanintarsa a kunne take. Direba na tayar da mota zai karkata kai ya saurara, ya gane ko fulogi ne ya mutu, ko kafireta ce ta toshe. Ba ya sa mutum sayen sabon abu muddin tsohon na gyaruwa.

Wannan hali ya yi rana daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida, shi ma ɗan Minna, ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma wa 'yan Kwatano, kayan gyara kuwa sai gwanjon kasuwar Ladipo ta Ikko ko Panteka ta Kaduna. A shekarun nan basirar irinsa ce ta hana motocin haya da yawa kwanciya.

To, shekarun nan ne kuma suka ƙara tura 'ya'yansa Kurmi, wani direba, wani ɗan canji, wani mai gadi. Ɗaki ɗaya a Idi-Araba ba ya ɗaukar iyali, saboda haka sai aka bar masa yara. Shi ke tashinsu sallar asuba, shi ke raka su makarantar allo, shi ke biyan kuɗin littafi in aike ya yi jinkiri. Da la'asar garejin kan cika da su, ana wasan jika da kaka, ta macen ya kira ta amaryarsa, na mijin ya kira shi abokin takara. Cikin wasan nan yaro ke sanin lambar kowace sifana tun bai iya rubuta sunansa ba, ya kuma koyi cewa motar da aka bar wa mutum amana ce.

Tsufa da sauyin zamani suka cim masa tare. Motocin yanzu ba su da kafireta, suna da kwamfuta a ciki, sai an jona musu na'ura ta faɗi inda ciwon yake. Kunnen da ya ci da gida shekara da shekaru ya daina amfani, ido ya yi rauni, baya ya sankare saboda kwanciya ƙarƙashin mota. Ba shi da fansho ko garatuti, domin bai taɓa yi wa gwamnati aiki ba. Abin da ya tara shi ne yaran da ya yaye, da jikokin da ya rena.

Wanda nasa tsohon ke da sauran numfashi, kada ya jira wayar asuba. Ya aika da kuɗin magani tun ba a roƙa ba, ya je gida ko ba Salla ba, ya zauna a kan bencin nan a yi hira. In akwai jikan da hannunsa ya faɗa da sifana, a taimaka masa ya haɗa da karatu, ya koyi aikin na'ura, don kada garejin ya bi mai shi. Ga jami'ar fasaha nan a ƙofar gida.

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa, Allah ya jiƙansu, ya sa aljanna ce makomarsu, amin.